Haruffa Masu Ƙugiya da Matsalar Tsaro a Fasalin Shafukan Intanet

1.0 Gabatarwa

A Yola da Jimeta ana rubuta Hausa da Fulfulde kafaɗa da kafaɗa, kuma harsunan biyu sun yi tarayya a haruffan ɓ da ɗ. Hausa ta ƙara da ƙ, Fulfulde kuwa da ŋ da ƴ. Sau da yawa mai karatu kan buɗe shafi ya tarar da ɗan akwati a gurbin waɗannan haruffa, domin zubin rubutun da aka zaɓa bai ƙunshe su ba. Wannan maƙala za ta duba ko ya dace a sakar wa masu amfani da shafi mara su gyara fasalinsa da kansu.

2.0 Inda Haɗarin Yake

Fasalin shafi yana ƙarƙashin ƙa'idojin CSS ne, waɗanda Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994, aka tabbatar da su a 1996. Tun asali an tanadar wa mai karatu haƙƙin ɗora nasa fasalin a kan na mai shafi. Muddin gyaran ya tsaya a na'urarsa, ba wanda zai cutu. Matsalar tana tasowa ne idan abin da mutum ɗaya ya rubuta zai hau na'urar wasu. A Oktoban 2005 Samy Kamkar ya ɓoye umarni cikin fasalin shafinsa na MySpace, ya yaɗu zuwa shafuka fiye da miliyan 1 cikin ƙasa da kwana guda.

Abin da ya fi shafar manazarta harshe shi ne wannan: CSS na ba da damar keɓe wa harafi guda zubinsa, a ce ƙ kaɗai a ɗauko ta daga wani wuri, kuma burauza ba ta ɗaukowa sai harafin ya bayyana a shafin. Wannan dabara ce ke warkar da ciwon akwati. Amma mugu na iya keɓe wa kowane harafi zubi daga tasa kwamfutar, sannan ya zauna yana lura da waɗanda aka nema. Ta haka zai san haruffan da ke cikin wani bayanin sirri ba tare da ya ga shafin ba.

Saboda haka, ga mai gina ƙamus ko taskar matani ta Hausa da Fulfulde, abin da ya fi dacewa shi ne ya adana zubi masu cikakkun haruffa, irin su Charis da Andika na SIL, a rumbun shafinsa, mai karatu ya zaɓi zubi da girma da launi daga jerin da aka tanada, a kuma toshe ɗauko komai daga waje.