Jema A Bakin Iyaka

Duk mai ɗan fili a Yawunde ya san garin nan tudu ne da gangare. Mu da muka saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Arewa, sai mu kafa dangar kara a iyakar lambu mu ce mun gama. Ruwan Satumba da Oktoba kuwa bai san danga ba. Ya kwashe jar ƙasa da taki ya juye wa maƙwabcin da ke ƙasa da mu, wani lokaci har gindin bangonsa. Daga nan gaisuwa ta yi sanyi, magana ta kai gaban mai unguwa.

Kakanninmu sun san maganin: jema, ciyawar fadama da ake shata iyakar gona da ita. Ana dasa ta jere, a gicciye da gangaren, tazarar santimita 10 zuwa 15. Saiwarta ƙasa take nutsawa, ba ta yaɗo zuwa filin wani, gindinta kuma ya tare ƙasar da ruwa ya ɗauko. Bini-da-zugu ma yana shinge, amma 'ya'yansa guba ne, ga yara a gida.

Kafin dashe, mu kira maƙwabci a ja igiya tare, mu bar taku ɗaya ta wajenmu, don jema tana kauri.