Yadda Maƙeran Gida na Ingila Suke Karɓar Sabon Injin Sassaƙar Ƙarfe

A cikin mutanen Ingila akwai wata jama'a wadda baƙo ba ya saurin lura da ita, domin ba su da unguwa tasu, ba su da sarkin sana'a, ba su kuma kai abin da suka ƙera kasuwa. Galibinsu dattawa ne, waɗansu tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da na masana'antu, waɗansu kuwa likitoci ne ko malaman makaranta ko akawuna, waɗanda hannunsu bai san baƙin mai ba sai da girma ya zo musu. Amma abin da ya tara su ɗaya ne, wato kowannensu yana da ɗan ɗaki na katako ko na bulo a ƙarshen lambun bayan gidansa, inda yakan shiga in ya taso daga aiki, ya duƙufa a kan ƙera agogo, da ƙananan injuna masu aiki da tururi, da kawunan jirgin ƙasa waɗanda tsawonsu bai wuce kamu biyu ko uku ba, amma in aka hura musu wutar kwal sai su ja yara da manya a bisa ɗan siririn dogo. Jigon wannan ɗaki shi ne injin sassaƙar ƙarfe, ranar da ya iso gida kuwa rana ce mai ladubba da sharuɗɗa, waɗanda na baya suka karɓa daga na gaba.

Al'adar tana da asali da silsila. Wajen shekarar 1800 ne wani gwanin maƙeri na birnin Landan, Henry Maudslay, ya kyautata injin da ke juya sandar ƙarfe alhali wata 'yar wuƙa mai tauri, wadda aka ɗaure a kan keken da ke tafiya bisa gadon injin, tana feƙe ta sannu a hankali, har ya zamana ana iya yanka tiredin noti iri guda sau ɗari ba tare da wani ya saɓa wa ɗan'uwansa ba. A ma'aikatarsa kuma Joseph Whitworth ya yi aiki, wanda a 1841 ya fitar da ƙa'idar tiredi da ƙasar ta daɗe tana bi. A wancan zamani injin na manyan ma'aikatu ne. Amma da aka fara yin ƙanana masu sauƙin kuɗi, sa'an nan a 1898 Percival Marshall ya kafa mujallar Model Engineer, inda masana suke rubuta bayanin aiki dalla-dalla ga wanda ba shi da malami a kusa, sai ilmin ya fita daga ƙofar masana'anta ya shiga gidajen talakawa. Kamfanin Myford, wanda Cecil Moore ya kafa a 1934 a garin Beeston kusa da Nottingham, shi ya fitar da injin da ake kira ML7 a 1946, ya bi shi da Super 7 a 1953, waɗanda suke iya juya ƙarfe mai faɗin inci 7 da tsawon kusan inci 20. Kuma ko da yake an rufe ma'aikatar Beeston a 2011, aka sayi sunan aka koma da shi Yorkshire, ko da yake kuma yawancin sababbin injunan da ake saye a yau daga ƙasar Sin suke zuwa, har yanzu da waɗannan biyu ake auna kowane ƙaramin inji a bakin dattawan.

Tun kafin injin ya iso mai shi yake fara hidima. Zai share ɗakin, ya duba rufin ko yana yoyo, ya ja wutar lantarki zuwa inda ya zaɓa, ya kafa tebur mai ƙarfi na ƙarfe ko na katako mai kauri, ya kuma auna tsayinsa da gwiwar hannunsa, don kada tsayuwar sa'o'i ta karya masa baya. A kan teburin nan ma akwai saɓani tsakanin malamansu: waɗansu sun tafi a kan cewa katako makaruhi ne, domin yana kumbura da damina yana motsewa da rani, ya ja gadon injin tare da shi; waɗansu kuwa suka ce in katakon ya bushe sosai, aka shimfiɗa masa farantin ƙarfe, babu laifi. Muhawarar ta girmi yawancin masu yin ta, ba a kuwa rufe ta ba.

In babbar mota ta sauke akwatin a bakin titi, direba ya kama gabansa, sai wahalar farko ta bayyana, domin gidajen Ingila ƙofofinsu matsattsu ne, hanyar lambu kuma siririya ce, sau da yawa da matakala biyu ko uku. A nan ne zumunci yake aiki. Mutum zai riga ya sanar da 'yan ƙungiyar masu wannan sana'a ta garinsu, su kuwa ba sa jiran a roƙe su sau biyu: wani ya zo da ƙugiyar da makanikai suke ɗaga injin mota da ita, wani da guntayen bututun ƙarfe da za a mirgina akwatin a kai, wani kuwa, wanda ya fi su shekaru, ba ya ɗaukar kome, sai dai ya tsaya gefe yana faɗin inda za a sa igiya, kuma maganarsa ake bi. Abin da zai fara gargaɗi a kai shi ne cewa nauyin injin a sama yake, a wajen kai kuma ya taru, saboda haka in ya karkata kaɗan ba ya jiran kowa. Wanda ya ga yana faɗuwa kada ya tare shi, gara a yi hasarar ƙarfe da a yi hasarar ƙafa. Ba a ɗaga shi ta bakin da ke riƙe ƙarfe, ba a rataya igiya a kan doguwar sandar tiredi da ke gabansa, domin in ta lanƙwashe ko da ƙanƙani ne, duk tiredin da zai yanka har ƙarshen rayuwarsa gurgu ne. Akan kwance duk abin da ke kwantuwa don a rage nauyi. In an dire shi lafiya a kan tebur, sai a dafa shayi da madara a sha a tsaye, wannan kuwa shi ne dukan ladan masu taimako.

Mai karatu zai zaci daga nan sai a kunna inji. Ai kuwa da sauran kwanaki, wani lokaci ma makonni, kuma a ganina wannan jinkiri shi ne mafi kyawun abin da ke cikin al'adar duka. Sabon inji yakan zo shafe da wani giris mai kauri da danƙo wanda aka yi masa don kada ya yi tsatsa a cikin teku, sai an bi shi da kananzir da tsumma da tsohon buroshi lungu-lungu kafin fatar ƙarfen ta bayyana. Masu tsanantawa ba sa tsayawa nan: sukan kwance keken da duk abin da ke zamewa, su jera sassan a kan takarda bisa tartibin da suka fito, su wanke kowanne, domin ba abin mamaki ba ne a tarar da ragowar yashin zubi ko garin ƙarfe a maƙale a ciki, wanda in ya gauraya da mai zai yi ta cin gadon injin a ɓoye. Fa'idar wannan wanki biyu ce, ɗaya ga injin, ɗaya ga mai shi; domin wanda ya kwance abu da hannunsa ya mayar, ya san inda kowane noti yake da dalilin zamansa a wurin, ran da inji ya canza murya ba zai rasa inda zai sa kunne ba.

Sa'an nan a zo ga babban rukuni, wato daidaita gado. Jahili yana ganin ƙarfen zubi mai wannan kauri ba ya lanƙwasa, alhali kuwa in aka ɗaure ƙafafunsa a kan teburin da bai daidaita ba, gadon yakan murɗe, murɗewar da ido ba ya gani amma aiki yana tona ta, domin sandar da ya kamata ta fito da kauri ɗaya daga farko har ƙarshe sai ta fito gefe guda ya ɗara ɗaya. Saboda haka akan aro ma'aunin daidaito mai ɗigon iska a cikin ruwa, irin na magina amma wanda ya fi shi ji nesa ba kusa ba, wanda sau da yawa guda ɗaya ne tak a ƙungiya yake yawo daga gida zuwa gida. A ɗora shi a gicciye kusa da kai, a karanta, a kai shi wajen gindi, a sake karantawa, a yi ta cusa siraran fallayen ƙarfe a ƙarƙashin ƙafa har karatun biyu su yi ittifaƙi. Dattawan sukan tunatar da sabon shiga cewa maƙasudi shi ne gado ya rabu da murɗewa, ko da injin gaba ɗaya ya ɗan jirkice, hujjarsu kuwa ita ce manyan jiragen ruwa suna ɗauke da irin wannan inji a cikinsu, igiyar ruwa tana kaɗa shi dare da rana, yana kuma sassaƙa daidai.

Ma'auni shaida ne kawai, hukunci yana ga aikin kansa. Akan ɗaura sandar ƙarfe mai kaurin kamar inci 1, a bar inci 5 ko 6 a waje ba tare da an tallafe ƙarshenta ba, a rage tsakiyarta, a bar zobe biyu, ɗaya kusa da bakin inji ɗaya a can ƙarshe, sa'an nan a bi su duka biyu da yanka guda marar zurfi ba tare da an taɓa saitin wuƙa ba, a auna su da maikuromita. In zoben ƙarshe ya fi kauri, a ƙara falle a ƙarƙashin ƙafar gindi ta gaba. In shi ya fi siranta, a ƙara a ta baya. A sake yanka, a sake aunawa, har bambancin ya koma ƙasa da kashi 1 cikin 1,000 na inci, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Mutum yakan ci yammaci guda cur a kan wannan, bayan mako biyu kuma ya sake, domin tebur da daɓe sukan zauna. Lalle wanda ya ga dattijo mai furfura yana durƙushe yana yanka guntun gwangwani don ya cike tazarar da ba ya iya gani, zai fahimci cewa haƙuri ne ainihin jarin wannan sana'a.

Batun mai gajere ne amma ba a wasa da shi. Kowane wuri da irin man da mai ƙira ya ambata, kuma sananne ne cewa 'yan ramukan shan mai na injunan Myford sun yi kama da na giris, har baƙi da yawa suka ɗura musu giris suka toshe hanyar, alhali mai tsinkakke suke bukata. In an gama, sai a kunna injin babu kome a bakinsa, a bar shi yana juyawa a mafi ƙarancin gudu, a riƙa ƙarawa daki-daki, ana ɗora tafin hannu a kan kansa don a ji ko yana zafi.

Kafin wuƙa ta taɓa ƙarfe, babban da ke wurin zai karanta wa mai inji haramce-haramce, ko da kuwa mai injin ya girme shi a waje, ko ya fi shi muƙami. Ba a barin mabuɗin bakin inji a jikinsa ko da na ƙiftawar ido, domin in aka kunna zai fita kamar harsashi. Ba a sa safar hannu, ba a barin hannun riga ko laƙataye yana reto, ba a sa zobe. Ba a jan ɓawon ƙarfe da yatsa, domin kaifinsa ya isa ya kai ga ƙashi. Ba a aiki sai da tabarau. Bayan haka a saita bakin wuƙa daidai da tsakiyar sandar, a share fuskarta, in ba a ga ɗan tsiro ya rage a cibiya ba an dace. Galibi da tagulla ko alminiyam ake buɗe hannu saboda laushinsu, kuma mutane da yawa sukan adana guntun farko, su kai taron ƙungiya na gaba a zagaya da shi hannu-hannu, kowa ya shafa da babban yatsa ya faɗi ra'ayinsa ba tare da ɓoye aibi ba.

Wani abin sha'awa shi ne, watannin farko injin kansa yake yi wa bauta: ma'aunin tsayin wuƙa, da madanni, da 'yan notuna da mariƙai, duk shi zai sassaƙa abinsa. Daga nan a sayi ɗanyen zubi na ƙaramin injin tururi, irin waɗanda gidan Stuart ya shahara da su fiye da shekara ɗari, a koyi haƙa da gogewa a kansa. Sai wanda ya ƙware ne yake ɗaura niyyar kan jirgin ƙasa, aikin da yakan ci shekaru, har wani ya rasu bai gama ba. Kullum kuma in an tashi, a share ɓarɓashi, a shafa mai a gado, a lulluɓe da tsohon bargo ko zanen gado, ban da leda mai tara gumi, domin raɓar hunturun Ingila takan sauka a kan ƙarfe mai sanyi ta bar shi ja kafin gari ya waye.

Saboda wannan kiyayewa ne injin yakan fi mai shi tsawon rai. In dattijo ya rasu, iyalinsa sukan kira 'yan ƙungiya su ƙiyasta kayan ɗakin bisa amana, don kada dillali ya zalunci matar mamaci, su kuma nemi wanda zai riƙe injin da mutunci, a haɗa masa da wuƙaƙe da littafin bayani da jirgin da ba a ƙarasa ba. Wanda ya karɓa zai sake bin dukan matakan nan tun daga igiya har zobe biyu, ko da injin ya shekara 70 yana aiki, domin sabon tebur sabon hukunci ne.

Irin waɗannan injuna na hannu, da manyansu, suna isowa ƙasarmu, ana ganinsu a Panteka ta Kaduna da wuraren masu gyaran mota a Kano da sauran birane, a hannun samari masu basira waɗanda da su suke ciyar da iyali. Roƙona ga iyayen gidansu shi ne, duk ran da aka sauke wani, a ba shi kwana biyu kafin a karɓi aikin kowa: a wanke shi, a daidaita gadonsa, a yanka zobe biyu a auna a gaban yara masu koyo, a kuma hana kowa tsayawa kusa da shi da babbar riga.