Ruwan Tiga da Ɗakin Shan Magani

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya kafu a ƙasar Kura da Bunkure. Shinkafa da alkama da tumatir suka wadata, fatake suka samu. To, amma sauro ya daina tafiya da rani. Saboda haka ɗakin shan magani na ƙauye ba shi da hutu: zazzaɓi da damina, zazzaɓi da rani, ga kuma tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a magudanan ruwan, daga wata tsutsa mai fitowa jikin katantanwa.

Galibi babu likita a nan, sai malamin asibiti, wanda ƙa'ida ta ce abin da ya fi ƙarfinsa ya tura babban asibiti, kamar na Kura. Dokar lafiya ta 2014 ta keɓe kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kula da lafiyar talakawa, amma sai 2018 aka sa shi cikin kasafi.

Malamai, Allah ya gafarta muku, fitsarin jini ga almajiri ba alamar balaga ba ne. A kai shi a auna, akwai ƙwayar praziquantel.