Tanki a cike, famfo na tari: ɗan bawul ɗin da ke fitar da iska daga bututun ruwa

A Gagarawa da maƙwabtanta irin su Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, unguwanni da yawa sun dogara da rijiyar burtsatse mai sola. Inji ya tura ruwa cikin tanki a sama, daga can ya gangaro zuwa famfuna. Sai dai akwai matsalar da masu ɗiban ruwa suka sani: tanki a cike, amma ana buɗe famfo sai ya yi ta tari, ya tofo ruwa kaɗan, ya yi shiru. Nan da nan a ɗora wa injin laifi, har a fara karo-karon sayen sabo. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa ƙalau, iska ce ta maƙale a bututu.

Daga ina iskar take shiga?

Hanya biyu ce. Ta farko, injin sola da ba shi da batir da rana kawai yake aiki. Idan tanki ya ƙare da daddare, iska ta cika bututu, da safe sabon ruwa ya rufe ta a ciki. Ta biyu, ruwan kansa yana ɗauke da narkakkiyar iska, kuma yana sakinta idan ya yi zafi. Lita ɗaya a ma'aunin zafi 20 tana riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin, a ma'auni 40 kuwa kusan 6.5 kawai. Ragowar sai ta zama kumfa. A bazarar arewacin Jigawa, baƙin tanki da bututun da rana ke duka ba sa rasa wannan zafin.

Kumfar takan hau ta taru a duk inda bututu ya yi tudu. Tsayin mita 10 na ruwa shi ke ba da matsi kusan ba 1, don haka tankin da ke kan mita 5 rabin haka yake bayarwa. Wannan ɗan matsin ba koyaushe yake iya ture iskar ba.

Maganin da gidajen ƙasashen sanyi suke amfani da shi

A Ingila da Jamus, ana ɗumama gidaje da ruwan zafi mai zagayawa cikin lagireton bango. Idan iska ta taru, saman lagireton ya yi sanyi, ƙasansa na da zafi. Masu gida kan sassauta wani ɗan noti da makulli har iskar ta fita. Don a huta da wannan aka ƙera bawul mai fitar da iska da kansa, kuma irinsa ake ɗaura wa bututun ruwan sha.

Ba ya son wuta, batir ko manhaja. Ɗan gwangwani ne na tagulla, a cikinsa akwai roba mai yawo a saman ruwa, kamar ta tankin masai. Idan ruwa ya cika shi, robar ta ɗaga ta toshe ƙaramar ƙofar da ke sama. Idan iska ta taru, ruwan ya sauka, robar ta bi shi, ƙofar ta buɗe, iskar ta fita.

Abin lura kafin a ɗaura

A sa shi a tsaye, a kan tudun bututu, ƙasa da matakin ruwan tanki. Idan babu matsi a wurin, maimakon ya fitar da iska sai ya zuƙo ta. Saboda haka ba a sa shi a ɓangaren da inji ke jan ruwa.

A sassauta ɗan murfin da ke kansa. Idan an ɗaure shi tamau, bawul ɗin ya zama kwalliya.

A sa makunni a ƙarƙashinsa. Yashi daga rijiya kan hana ƙofar rufewa ya riƙa ɗiga, kuma da makunnin za a iya cire shi a wanke ba tare da an zubar da tanki ba.

Inda ba a samu bawul ɗin ba, mai gyaran famfo zai iya tayar da buɗaɗɗen bututu daga tudun, ya zarce saman tanki tsayi. Kafin a kira mai ciro inji daga rijiya, a fara duba inda bututu ya yi tudu.