Mubi: Darasin yarda da yau a garin da ya sha wuya

A ƙarshen watan Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi, gari na biyu mafi girma a Jihar Adamawa, har suka laƙaba masa suna Madinatul Islam. Dubban jama'a suka watse, wasu zuwa Yola, wasu suka keta duwatsu a ƙafa zuwa Kamaru. A watan Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato garin.

Waɗanda suka dawo sun iske shaguna a fashe, jarin shekaru ya salwanta. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 21 ga Nuwamban 2017 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a wani masallaci lokacin sallar Asuba, inda aka rasa rayuka aƙalla 50. Tambayar da ta rage wa masu rai ita ce: yaya mutum zai zauna da ranar da ba shi ya zaɓa ba?

Malaman tasawwufi sun daɗe da tattauna wannan. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, ya samu laƙabinsa ne daga muhasaba, wato mutum ya riƙa yi wa kansa hisabi: me yake nema, kuma don wa? Shi kuwa Ibn Aɗa'illah, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, littafi guda ya rubuta kan sauke wa zuciya nauyin tsara abin da ba ya hannunta.

Ga ɗan kasuwar da ya rasa komai, wannan hisabi yana da ɗaci. Sau da yawa yakan gano cewa abin da ke hana shi barci ba yunwa ba ce, a'a, kunyar a gan shi yana kasa kaya a tebur bayan ya taɓa mallakar shago. Muddin yana jiran jiya ta dawo, yau za ta wuce shi.

Masu suka na ganin irin wannan koyarwa tana haifar da kasala, tana kuma sauƙaƙa wa hukumomi nauyin tsaro da ke kansu. Sai dai malamai sun bambanta yarda da ƙaddara da zaman kashe wando. Mai yarda yana fita nema, yana kuma neman haƙƙinsa. Abin da ya daina shi ne faɗa da abin da ya riga ya auku.

A yau manyan motoci na ci gaba da lodi a kasuwar shanu ta Mubi zuwa kudancin ƙasar nan, ɗalibai kuma sun koma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Rashin da aka yi bai dawo ba. Amma gari na wayewa, ana buɗe shaguna.