Ampili mai lampu na hannu: abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi

Tun da gitar ƴan Nijar irin su Bombino, Mdou Moctar da ƙungiyar Tal National ta shiga wayoyin matasa, samarin da ke kiɗan biki a Kore Mairuwa da sauran garuruwan Arewa sun fara neman kayan sauti masu kyau. Daga cikin abin da ake kwaɗayi akwai ampili mai lampu, wanda da Faransanci ake ce ma ampli à lampes. A cikinsa akwai ƙwayayen gilashi masu kama da ampul, su ne ke ƙara ƙarfin sautin gitar. Makaɗa na son shi saboda idan aka ƙure shi muryarsa takan yi kauri ba tare da ta soki kunne ba. Sabo yana da tsada ƙwarai, shi ya sa galibi na hannu ake saye, a Yamai, Kwanni ko Kano, ko wani ɗan'uwa ya aiko daga waje.

Abu na farko da za a duba shi ne bayan akwatin, wurin da aka rubuta ƙarfin kuran. Wutar NIGELEC bolt 220 ce. Kayan da aka ƙera don Turai sun dace da ita, amma na Amurka bolt 120 suke sha, na Japan kuma 100. Da yawa daga tsofaffin Fender da Peavey da ke yawo a kasuwa ƴan Amurka ne. Idan aka soka irin wannan kai tsaye a bango, in an yi sa'a fizibil ne zai ƙone, in ba a yi ba turansufo ya tafi, kuma kuɗin sake shi na iya kusan kai kuɗin ampilin. Dole sai da turansufo mai rage wuta, wanda ƙarfinsa ya zarce abin da ampilin ke ja. Ko da shi ma, na Amurka kan fi ɗaukar zafi a nan, domin kuran ɗinsu na juyawa sau 60 a daƙiƙa, na Nijar sau 50.

Daga nan sai gwaji. Kada a yarda da mai sayarwa da ya kunna minti biyu ya kashe. Matsalolin lampu sai ya yi zafi suke fitowa. A bar shi kunne kamar rabin awa ana kaɗawa, ana leƙa bayansa. Ɗan jan haske a tsakiyar ƙwai daidai ne. Amma idan farantin ƙarfen da ke cikin gilashin ya yi ja kamar garwashi, a kashe nan take. Ƙwan da samansa ya koma fari kamar alli maimakon launin azurfa, iska ta shige shi, ya mutu. Ana iya ɗan ƙwanƙwasa ƙananan ƙwayayen da fensir: wanda ya sa bafur ya yi ƙara ko fito, ya gaji. Gurnani mai kauri da ba ya tsayawa ko an cire wayar gitar, sau da yawa kondansatar ne suka tsufa, abin da ake yawan gani a ampilin da ya haura shekara 20.

Ƙwai da kondansata duk ana canza su. Turansufo biyun nan, na wuta da na fitar da sauti, su ne jarin. Warin ƙuna, ko baƙin danƙo da ya tsiyayo daga jikinsu, ya isa dalilin fasa ciniki komai arhar kayan.

Sai a tambayi irin ƙwayayen da yake ɗauka, don lambarsu na rubuce a jiki. Ƙananan galibi 12AX7 ne, waɗanda Turawa ke kira ECC83, kuma suna daɗewa. Manyan su ne ke gajiya da wuri: EL84 a Vox AC30 da Fender Blues Junior, 6L6 a Fender Twin Reverb, EL34 a yawancin Marshall. Masana'antun da suka rage suna ƙera su ƴan kaɗan ne, a Rasha, Sulobakiya da Sin, kuma farashinsu ya tashi tun yaƙin Yukiren na 2022. Ba kaya ba ne da ake samu a shagon mai gyaran rediyo na unguwa. Mai ampilin da ke da manyan ƙwai huɗu ya san huɗu zai nema a tare, don ana canza su ne a matsayin saiti ɗaya, kuma wasu ampilin sai an sake daidaita wutarsu bayan canji. Wannan ya sa mai wat 15 ko 30 ya fi dacewa da makaɗin gari a kan mai wat 85 ko 100. Ƙaramin ma yana da ƙara fiye da yadda ake zato, kuma a filin biki ana iya sa masa makirho a haɗa da manyan bafur.

A kula da abu guda da ke kashe ampili da yawa a hannun waɗanda suka saba da na zamani: ba a kunna mai lampu babu bafur a haɗe. Yin haka na iya ƙona turansufon sauti. Lambar om ɗin bafur kuma, 4, 8 ko 16, ta zo daidai da ramin da aka soka shi.

Maganar wuta ita ce babbar damuwa a jihar Doso. Wani kaso na kuran na yankin daga Najeriya yake zuwa ta layin Birnin Kebbi, kuma mutane ba su manta da yanke shi da aka yi a watan Agustan 2023 ba. Wutar da ke hawa da sauka tana rage kwanan ƙwai, don haka regilatar ba ado ba ce. A wurin biki inda gurup ke aiki, a bari injin ya daidaita kafin a soka ampili, a kuma kashe ampilin kafin a kashe injin. Ƙananan na'urorin juya wutar sola masu arha kan sa shi gurnani da zafi. Idan fizibil ya ƙone, a sa mai lamba iri ɗaya. Ɗaure shi da zaren waya ko takardar sigari, kamar yadda ake yi wa wasu kaya, na nufin gaba turansufo ne zai ƙone a madadinsa.

Zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40 da ƙurar hunturu suna nasu aikin. A ajiye shi a inuwa, bayansa nesa da bango, kada a rufe shi da zane yana kunne. In yana da maɓallin jira, a ba shi kamar minti guda ya ɗumama kafin a fara kiɗa. Bayan biki a bar shi ya huce kafin a ɗora shi a kan kabu-kabu ko amalanke, a shimfiɗa masa bargo, domin girgizar hanyar laterite na sassauta ƙwai.

Buɗe cikinsa kuwa aikin gwani ne. Kondansatar na riƙe bolt 400 zuwa 500 ko bayan an zare waya daga bango, kuma wannan ya isa kashe mutum. Tsofaffin masu gyaran talabijin mai ƙeya a Dogon Dutsi ko Doso sun saba aiki da wuta mai ƙarfi irin wannan, sun san yadda ake sauke ta kafin a sa hannu. Su ya fi dacewa a nema, ba mai gyaran salula ba.