Albashin Rasha a Ma'aunin Birnin Gwari

Hukumar ƙididdiga ta Rasha, Rosstat, ta ce matsakaicin albashin ma'aikaci a ƙasar ya kai kimanin rubul 88,000 a wata a shekarar 2024, a 2025 kuma ya doshi 100,000. Wanda ya juya wannan kuɗi zuwa naira a canjin 2025, lokacin da dala take wajen rubul 80 a can, naira 1,500 a nan, zai ga ya haura miliyan ɗaya da rabi. A Jihar Kaduna kuwa, mafi ƙarancin albashin da Gwamna Uba Sani ya amince da shi a ƙarshen 2024 naira 72,000 ne, kuma galibin mutanen Birnin Gwari ko wannan ɗin ba sa gani, domin manoma ne da makiyaya da masu haƙar zinariya da 'yan tireda. Irin wannan lissafi yana yi wa Hausawa aiki biyu. Yana kwaɗaita wa na gida tafiya, yana kuma ɗora wa ɗalibanmu da ke Mosko da Kazan da sauran garuruwan Rasha nauyin da ba za su iya ɗauka ba, tunda dangi sun ji labarin abin da ake biya a can. Adadin ba ƙarya ba ne. Sai dai ba albashin baƙo ba ne, kuma abin da ya kumbura shi abu ne da mutumin Birnin Gwari ya fi kowa sanin farashinsa.

A fara da yadda ake fitar da adadin. Matsakaici tarawa ake yi a raba. In aka haɗa ribar babban dillali guda a kasuwar kara da ladan yara tara masu kora shanu, aka raba goma, abin da zai fito ya fi ƙarfin yaran nesa ba kusa ba, kuma bai kai na dillalin ba. Ita kanta Rosstat tana da wani ma'aunin da ya fi kusa da gaskiyar talaka, wato albashin mutumin da ke tsakiya, wanda rabin ma'aikata suka fi shi samu, shi kuma ya fi sauran rabin. A bincikenta na Afrilun 2023 wannan ya tsaya a kimanin rubul 52,000, alhali matsakaicin ya haura 70,000. Mafi ƙarancin albashi na doka a 2025 rubul 22,440 ne. Sannan Rasha ba gari ɗaya ba ce. A Mosko matsakaicin 2024 yana wajen 160,000, haka ma yankunan mai da iskar gas na arewa mai ƙanƙara suna sama, amma a Ingushetiya da Cecniya da Dagestan, yankunan Musulmi na kudu, bai kai 50,000 ba. Duk waɗannan kuɗaɗe kafin a cire haraji ne. Ɗan ƙasa kashi 13 cikin ɗari yake bayarwa a matakin farko, amma baƙon da bai cika kwana 183 a ƙasar ba, a ƙa'ida kashi 30 ake yanka masa. Hayar gida mai ɗaki ɗaya a Mosko takan wuce rubul 50,000 a wata. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.5 cikin ɗari a 2024, shekarar da kuɗin dankalin turawa, abincin kowane gida a can, ya kusa ninkawa.

To me ya sa albashin yake ta hawa? Ba don masana'antun Rasha sun wayi gari sun fi na kowa ƙwarewa ba. Mutane ne suka yi ƙaranci. A Satumban 2022 gwamnati ta kira maza 300,000 zuwa fagen yaƙin Yukren, dubban ɗaruruwa kuma suka tsallake iyaka don kada kiran ya same su, ga shi dama haihuwa ta daɗe da raguwa a ƙasar. Rashin aikin yi ya sauko zuwa kashi 2.3 cikin ɗari a ƙarshen 2024, abin da ba a taɓa gani ba tun rushewar Tarayyar Sobiyet. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗin 2025 tsaro aka ware wa. Sojan kwantiragi yana karɓar abin da bai gaza rubul 210,000 ba a wata in yana fagen daga, kuma a Yulin 2024 birnin Mosko ya sa ladan rubul miliyan 1.9 ga duk wanda ya sa hannu. Dole mai gidan burodi da mai kamfanin gini su ƙara kuɗi in suna son ma'aikatansu su zauna. Shugabar babban bankin ƙasar, Elvira Nabiullina, ta sha faɗin cewa ƙarancin ma'aikata ne babban abin da ya ɗaure tattalin arzikinsu, kuma bankin ya kai kuɗin ruwa kashi 21 cikin ɗari a Oktoban 2024 don ya danne farashi. Albashi ne da yaƙi ya hura.

Birnin Gwari ta ga ɗaya fuskar wannan al'amari. Ƙasa ce mai albarkar masara da dawa da shanu da zinariya, ga dajin Kamuku da ya haɗe da na Kuyambana ya miƙa har Zamfara da Neja. Da 'yan bindiga suka mamaye dajin, abin da ya fara mutuwa shi ne samun kuɗin talaka. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku da Udawa ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro, ta Funtuwa ma haka. A Mayun 2018 aka kashe mutane da dama a Gwaska rana ɗaya. Ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta sha kokawa cewa manoma suna biyan haraji kafin su yi shuka, su sake biya kafin su kwashe amfani, kuma ta yi ta gargaɗi a 2022 cewa ƙungiyar Ansaru mai ɗauke da makamai na jan matasa a wajen Damari da kewaye da wa'azi da kyaututtuka. A ƙarshen 2021 gwamnatin jiha ta katse layukan waya, ta hana hawa babur, ta rufe kasuwannin mako, matakan da aka ɗauka don 'yan daji amma suka faɗa kan ɗan acaɓa da mai sayar da hatsi. A wancan lokaci, aikin da ke kawo kuɗi da sauri a yankin na riƙe bindiga ne, ko kai wa masu ita mai da burodi da labari. Mutanen Kuyello da Dogon Dawa da Randagi ba sa buƙatar masanin tattalin arziki ya gaya musu inda irin wannan samu yake ƙarewa.

Shi ya sa ya kamata a dubi ƙofofin da Rasha ta buɗe wa ɗan Afirka da idon basira, domin mafi faɗinsu su ne mafi kusa da yaƙin. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton 'yan mata kimanin 200 daga ƙasashen Afirka, har da Najeriya, 'yan shekara 18 zuwa 22, da aka kai yankin masana'antu na Alabuga a Tatarstan da sunan karatu da koyon sana'a, suka tsinci kansu suna haɗa jirage marasa matuƙa da ake kai hari da su. An yi musu alkawarin dala 700 a wata, daga baya tallar ta koma sama da dala 500, sannan ana cire kuɗin masauki da na jirgi da na koyon harshe. Tun a Afrilun 2024 harin Yukren ya taɓa faɗa wa wani ɗakin kwana a wurin. A Nuwamban 2025 ministan harkokin wajen Yukren, Andriy Sybiha, ya ce 'yan Afirka sama da 1,400 daga ƙasashe 36 suna yaƙi a ɓangaren Rasha. Magana ce ta abokin gaba, a ɗauke ta a haka, amma a cikin wannan Nuwamban gwamnatin Afirka ta Kudu ta tabbatar da cewa mutanenta 17 sun maƙale a Donbas, fagen yaƙin da ke gabashin Yukren, Kenya kuma ta yi maganar sama da 200. Da yawansu aikin gadi ko tuƙi dillali ya ce za su yi, takardar kuwa da Rashanci aka rubuta ta.

Wani zai ce ai ba yau Bahaushe ya fara tafiya ba, kuma bai taɓa jiran ƙididdiga kafin ya ɗaura kaya ba. Gaskiya ne. Fataken goro sun kafa zango a Kumasi da Salaga, 'yan kasuwar shanu sun kafa Sabo a Ibadan, mahajjata sun zauna a Mai Wurno ta Sudan da unguwannin Makka da Jidda, kuma tun da aka gano zinariya a Jado ta arewacin Nijar a 2014 matasanmu suke bin sahara. Amma a lura da abin da ya sa ci-rani yake biyan kuɗin sabulu. Ba girman lada kaɗai ba ne. Akwai mai masauki da zai ba ka wurin kwana kafin ka samu abin yi, akwai sarkin Hausawa ko na zango da zai tsaya maka in ka shiga hannun hukuma, akwai direban da za ka damƙa wa saƙo ya kai wa tsohuwa hannu da hannu, kuma in damina ta faɗi kana iya tattara komatsanka ka koma gona. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran mutum a Rasha. Ɗan Uzbekistan ko Tajikistan yana shiga ba biza, yana jin harshen, yana da 'yan uwa a kowace kasuwa da wurin gini, duk da haka tun bayan harin da aka kai zauren taro na Crocus da ke wajen Mosko a Maris 2024 samame da kora sun tsananta a kansu. Ɗan Najeriya sai da biza, sai da izinin aiki cikin adadin da gwamnati ta ƙayyade, sai da jarrabawar Rashanci. Wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya ya san abin da ya samu waɗanda suka bi takardar 'yan kallon gasar cin kofin duniya ta 2018 da aka yi a Rasha da niyyar zama, har sai da gwamnatin Buhari ta aika jirgi ya kwaso su. Ko an samu kuɗin, fito da su wani aiki ne. Visa da Mastercard da Western Union duk sun dakatar da aiki a Rasha a Maris 2022, saboda haka saƙon gida sai ta hannun 'yan canji ko kuɗin intanet, kowa da kason da yake yanka.

Hausawan da ke zaune a Rasha bisa ƙa'ida galibi ɗalibai ne, daga Najeriya da Nijar, masu karatun likitanci da injiniyanci, al'adar da ta faro tun kafa Jami'ar Patrice Lumumba a Mosko a 1960. Tun Agustan 2020 doka ta ba ɗalibi baƙo damar yin aiki a lokacin da ba ya aji ba tare da neman izini na musamman ba, kuma ƙarancin ma'aikata ya sa ana samun aikin kai saƙon abinci ko jera kaya a sito. Wannan amfani ne na zahiri, bai kamata a musa shi ba. Amma kuɗin cike giɓi ne, na hayar ɗaki da rigar sanyi da inshorar lafiya. Waɗanda gwamnatin tarayyar Najeriya ta tura ƙarƙashin yarjejeniyar karatu ta BEA sun ga an zaftare alawus ɗinsu daga dala 500 zuwa 220 a wata a 2024, bayan watanni ana bin bashi, sannan a Afrilun 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da daina shirin. Ɗalibin da ke cikin wannan hali ne ake bugo wa waya daga gida a ce, yaya, tunda kana ƙasar masu miliyan, a taimaka da kuɗin taki, ko a nemo wa ƙane hanya. In ya ce babu, a ce ya yi rowa. In ya ji kunya ya haɗa ƙanen da wani dillali, ƙila ya tura shi inda ba a dawowa.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na wanda zai ce, to a zauna a ci me? Ba shi da amsa mai daɗi. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, aka sake buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe. Motocin shanu da na hatsi suka dawo hanya, mutane suka koma gonakin da suka zama kurmi. Sulhun yana da masu suka, musamman waɗanda aka kashe wa iyaye ba a hukunta kowa ba, kuma sukarsu tana da tushe. Da manomin ya noma kuma, sai farashin masara ya faɗi warwas a 2025 bayan an sassauta shigo da abinci daga waje, taki kuwa ya tsaya a sama. Saboda haka ba wanda zai ce wa saurayin Kakangi ko Maganda gida aljanna ce. Amma in za a yi kwatanci, a yi shi daidai: abin da ya rage a hannun baƙo a Kazan bayan haraji da haya da bashin dillali da kason ɗan canji, a ajiye shi kusa da abin da ya rage a hannun manomi bayan taki da kuɗin mota. Tazarar tana raguwa ƙwarai, kuma abin da ya rage nata yakan zama ladan kasada da rai. Abin da zai ɗaga samun manomin sananne ne, kuma yana hannun gwamnatin Kaduna da ta tarayya: hanyar Buruku ta zauna lafiya, taki ya sauko, a tsara haƙar zinariya yadda mai haƙa zai sayar a fili ba ta hannun masu bindiga ba. Masarautar Mai Gwari Zubairu Jibril na Biyu da limaman Juma'a kuma suna da abin da za su iya yi tun yanzu ba tare da kasafin kuɗi ba, wato su sa ya zama al'ada duk wanda aka kawo wa takardar aikin Rasha ya nemi ɗalibi mai jin harshen ya karanta masa ita layi-layi, kafin a sayar da saniya a biya dillali.